Mutumin da Ya Yi Ta Ƙara Igiya

Ranar Lahadi, 12 ga Mayu, 2024, an wayi gari da hadari baƙi ƙirin a gabas, amma har aka kaɗa ƙararrawa ta biyu ko ɗigo bai sauka ba. Iska ta tsaya cik, zufa tana bin bayan kowa. Ajinmu na manya a Makarantar Lahadi yakan tara mutum talatin da wani abu, amma ran nan mu goma sha ɗaya ne, domin kwana shida ke nan ana wahalar man fetur a garin, masu zuwa daga nesa ba su sami abin hawa ba. Ba a tayar da janaretan majami'a ba, sai muka jawo kujeru kusa da taga. Ba wanda ya zauna da kyau. Wannan ya leƙa sama, wancan ya duba waya ko an fara sayarwa a gidan mai.

Gayus, wanda yake sana'ar acaɓa, ya shigo a makare yana share wuya da hankici. Ya bar babur ɗinsa a layin gidan mai, ya roƙi na bayansa ya riƙa tura masa shi.

Mama Keziya, shugabar zumuntar mata, ta ce, "Gayus, sujada ka zo ko shan inuwa?"

Ya ce, "Mama, duka biyun. Kunnena yana nan, zuciyata tana layi." Sai ya juyo wurina. "Malama, ke da kika koyar da ilimin ƙasa a sakandare, gaya mana gaskiya. Man nan ɓoye shi ake yi, ko ƙarewa yake yi?"

Kafin in buɗe baki, Baba Tadawus, dattijon ikilisiya, ya ce, "Ƙarewa ina? Abin da Ubangiji ya zuba a ƙarƙashin ƙasa da hannunsa? Rijiyar gidanmu kakana ya haƙa ta, har yau muna sha. Haka man nan yake, ana ɗiba yana tahowa."

Na ce musu ba na tsammanin ƙarewa ce ta kawo wahalar wannan mako, amma tambayar Gayus ta fi mako ɗaya tsawo. Na ajiye darasin da na shirya, na ba su wannan misali. Na rubuta shi a nan domin waɗanda ba su sami zuwa ba.

Akwai wani mutum, manomi, daga zuriyar masu haƙar rijiya. Ubansa ya haƙa rijiyoyi a ƙauyuka da yawa, kafin ya rasu kuma ya koya wa 'ya'yansa maza biyu abin da ya sani. Ya ce musu a riƙa jan rijiya kullum, domin wadda aka bari ba a ja ruwanta yakan yi wari. Ya ce in ruwa ya yi ƙasa da bazara a ƙara igiya, kada a tsorata. In ya ƙi, a kira masu yasa su kwashe laka, idon ya buɗe. In duk da haka ya ƙi, a jira damina. Duk abin da ya faɗa musu gaskiya ne, sun kuwa gwada sun gani.

Wata shekara da rani, mutumin da ƙanensa suna haƙa sabuwar rijiya a gefen gonarsu ta gado domin shayar da shanun noma. Da suka kai gaba bakwai, sai wani abu baƙi mai kauri da wari ya fara tsattsafowa daga dutse. Suka ɗebo a ƙwarya, suka tsoma tsumma a ciki, suka kai shi kusa da wuta, ya kama. Labari ya bazu. Ba a yi wata biyu ba sai ga baƙi daga birni da manyan motoci da ganguna, suka ce ɗanyen mai ne, za su riƙa kwasa suna kaiwa inda ake tacewa. A madadinsa suka riƙa kawo masa gyararriyar shinkafa da garin masara buhu-buhu, da kwanon rufi, da tufafi, daga baya har da tarakta da man da za ta sha.

Mutumin ya kafa itace a bakin ramin, ya ɗaura guga, ya riƙa ja daga fitowar rana har faɗuwarta. Maƙwabta suka ajiye fartanyoyinsu suka zo taya shi, kowa yana komawa gida da rabonsa na abinci. A shekara ta farko rabin gona aka noma. A ta biyu tarakta ta yi huɗa a yini ɗaya, amma ba wanda ya sami sukunin yin noman ciyawa, gonar ta lalace. A ta uku mutumin ya ce a buɗe rumbun iri a daka, a kai shanun kasuwa, tun da ba su da aiki sai ci.

Ƙanen ya same shi a bakin ramin ya ce, "Yaya, bar mini shanun nan biyu da dami goma na iri. Ba za su tare maka hanya ba."

"Me za ka yi da su? Abinci yana zuwa a mota, a niƙe, a tankaɗe."

"Na ga kana ƙara igiya."

"Bazara ce. Ko ka manta abin da Baba ya koya mana?"

"Ban manta ba. Amma bara da damina ta yi tsakiya, na zuba ido in ga ka naɗe igiyar nan kamar yadda muke yi a rijiyar gida. Ban ga ka naɗe ba, Yaya. Ƙari ka yi."

A gaban maƙwabta aka yi wannan magana, har waɗansu suka daina ja suna saurare. Mutumin ya ji kunya, kunyar ta koma fushi. Ya ce, "Tun kana yaro ba ka iya ganin abu a hannuna ka yi murna. Kwashi shanunka da ƙudajensu da irinka, ka nemi inda ake sha'awar warin garke. Ran da yunwa ta koro ka, ka biyo ta ƙofar baya, za a zuba maka."

Mutane suka yi dariya. Ƙanen ya juya ya koma gida. Washegari ya ɗora dammunan a amalanke, ya ɗauki matarsa da 'ya'yansa, ya haye kogi zuwa wani gari mai nisa. Sauran mutanen ƙauyen kuwa, da suka ga abin da mai ramin ya yi, kowa ya koma ya cinye irinsa.

Shekara ta bi shekara. Mutumin yakan tufka sabuwar igiya ya ƙulla a jikin tsohuwar, bayan 'yan watanni ya sake ƙullawa. Wata rana matarsa ta kawo masa abinci bakin ramin, ta tsaya tana kallo ana ja.

Ta ce, "Maigida, ƙulli nawa ne yanzu a igiyar nan?"

"Ban ƙirga ba."

"Ni na ƙirga, goma sha ɗaya. Dā mutum biyu ne suke cika ganga kafin hantsi. Yanzu ku shida ne, sai azahar."

"Tuwonki ya ragu ne?"

"Bai ragu ba tukuna."

Ya ce ta ajiye kwanon ta tafi. Amma daga ranar ya kasa zama wuri ɗaya. A tsaye yake cin abinci. Yakan bar baƙo a zaure ya je ya leƙa ramin, ya dawo, kafin a gama gaisawa ya sake tashi. Da gugan ya fara fitowa da yashi da ruwan zartsi a gindinsa, sai ya tuna da koyarwar ubansa cewa ja ne yake buɗe rijiya. Ya ƙara mutane, ya ɗaura guga na biyu, aka yi ta ja ba hutu. Man ya ƙara yin ƙasa, da sauri fiye da dā.

Sai ya aika aka kira wani tsoho mai yasar rijiya, abokin ubansa. Tsohon ya ɗaure hancinsa da ƙyalle, aka zura shi. Ya jima a ciki, sa'an nan ya girgiza igiya aka jawo shi, ya fito baƙi har ƙugu yana tari.

Mutumin ya ce, "Baba, idon ne ya toshe?"

"Ba ni ruwa tukuna." Ya sha, ya wanke hannuwansa. "Ɗana, shekara arba'in ina shiga rijiya. Kowace tana da inda ruwa yake shigo mata, kana ɗora tafin hannu za ka ji sanyi yana motsi. Wannan na shafa ta ko'ina, ban ji abin da yake shigowa ba. Dutsen ne ya jiƙe da mai tun zamanin da ba wanda ya sani, ku kuma kuka tatse shi. Randa ce aka binne, kun kuwa kusa gindinta."

"To, a yashe ta mana."

"In ka yashe randa me za ka samu? Ubanka rijiya ya koya maka. Bai koya maka wannan ba, domin bai taɓa ganin irinsa ba."

Mutumin ya sallami tsohon, ya ce wa jama'a tsufa ne ya kama shi, hannunsa ya daina ji. Ya ce saura abu ɗaya, a jira damina.

Damina ta zo. Ruwan farko ya sauka mai ƙarfi, da gari ya waye ramin ya cika kusan baki, samansa yana ƙyalli. Mutumin ya bi gida-gida yana kiran mutane su zo su gani. Aka jefa guga, aka jawo. Ruwa ne, man bai fi kaurin ɓawon albasa a kansa ba. Aka tsoma tsumma, ya ƙi kama wuta. Akuya ta zo ta sunsuna, ta juya. Baƙin birni suka iso da motocinsu, suka leƙa, suka yi magana tsakaninsu, suka koma da gangunansu wayam. Ba su sake dawowa ba. Tarakta ta shanye ɗan man da ya rage mata, ta tsaya a gindin ɗorawa, kaji suka mai da ƙarƙashinta wurin ƙwai.

Ga ƙasa ta jiƙe, lokacin shuka ya yi, amma a ƙauyen duka ba mai ko zangarniya ɗaya ta iri. Garin masara ba ya tsirowa, gyararriyar shinkafa ma haka, abin da ya rage a buhuna kuwa ba zai wuce wata uku ba. Aka je ƙauyukan kusa, aka tarar sun riga sun shuka nasu. Gero kuma in ya wuce mako huɗu bayan ruwan shuka ba a sa shi a ƙasa ba, ba zai nuna kafin ruwa ya ɗauke ba. Mutum ɗaya ne aka san yana da iri har da saura, shi ne ƙanen da yake hayin kogi, wanda fatake suka ce ya cika rumbu uku, shanunsa sun zama huɗu.

Matar ta ce, "Ka rubuta wa ƙanenka."

"In ce masa me?"

"Abin da ya faru."

"Ni ne babba."

"Kai ne babba, shi ne mai iri."

Ya rubuta. Gidan waya yana garin kasuwa, motar da take ɗaukar wasiƙu kuwa ranar kasuwa kaɗai take tashi, sau ɗaya a mako. Ranar kasuwar farko ya sa wasiƙar a aljihu ya fita, sai ya ce bari ya biya ta bakin ramin ya duba sau ɗaya. Ya ga wani kumfa ya taso da ɗigon baƙi a kansa. Ya tsuguna yana jiran na biyu. Ya tashi zai tafi, ya dawo. Da ya ɗaga kai, rana ta karkata, mota ta daɗe da tashi.

A mako na biyu ya sake rubuta wasiƙar. Ya cire wurin da ya nemi gafara, ya rubuta cewa ya yi tunani ya ga ya kamata ya yafe wa ƙanensa, ya bar shi ya dawo ya noma rabin gonar. Ya karanta wa matarsa. Ta ce, "Wannan wasiƙar mai rumbu ce, kai kuwa ba ka da shi." Ya yi fushi ya yaga ta, ranar kasuwa ta biyu ta wuce. Maƙwabta suka fara zuwa suna tsayawa a ƙofar gidansa, ba su shiga ba, ba su tafi ba. Wani daga cikinsu ya ce, "Mun ga ka ci irinka, muka ci namu. Yanzu me za mu ga ka yi?" Mutumin ya shiga gida, ya fito, ya zaga gonar da ta cika da ƙaya da sabara, ya dawo. Saura ranar kasuwa ɗaya. In ita ma ta wuce, ko ƙanen ya taso da iri ba zai iso a kan lokaci ba.

A nan na tsaya.

Gayus ya ce, "Malama, ya aika ko bai aika ba?"

Mama Keziya ta ce, "Namiji ne, sai ya sake leƙa ramin."

Aka yi dariya. Baba Tadawus bai yi ba, yana ta juya sandarsa. Na ce su ji ma'anar tukuna.

Ma'anar wannan misali ita ce, ramin nan shi ne man fetur da ƙasarmu ta jingina a kansa. Masana sun ce daga gawar ƙananan halittu da tsirrai na cikin teku ya samu, waɗanda laka ta binne, zafi da nauyin ƙasa suka dafa su shekaru miliyoyi. Wanda babur ɗin Gayus yake ƙonewa daga nan zuwa kasuwa ya tafi ke nan, ba za a sami madadinsa a zamaninmu ko na jikokin jikokinmu ba. Ban san ranar da zai ƙare ba. Masanan ma bakinsu bai zo ɗaya a kan wannan ba, ana kuma gano shi a sababbin wurare. Amma sabuwar randa ma tana da gindi.

Baba Tadawus ya faɗi gaskiya da ya ce Ubangiji ne ya zuba shi. Sai dai kyautar Ubangiji ba duka ce iri ɗaya ba. Akwai wadda yake sabunta mana, kamar ruwan sama, da hasken rana, da ƙwayar gero da takan haifi ɗari. Akwai kuma wadda ya auna sau ɗaya ya damƙa mana, ya zuba ido ya ga yadda za mu yi da ita. Mutumin nan bai yi zunubi don ya ɗebi mai ba. Kuma ba malalaci ba ne, ba jahili ba ne, abin da ubansa ya koya masa ya bi sau da ƙafa. Kuskurensa shi ne ya riƙe kyautar da aka auna kamar wadda ake sabuntawa, saboda ita kuma ya saki wadda take sabuntuwar. Da yawa a cikinmu mun taso mun ga gonakin gyaɗa da auduga na iyayenmu. Yau akwai gidajen da gonar gado ta zama daji, 'ya'yanmu ba su bambanta tsiron gero da na dawa. Ban ce kowa ya jingine babur ɗinsa ya koma ƙauye ba. Na ce dai kowane gida ya duba ko yana da sauran iri, wato gona, ko sana'ar hannu, ko wani sani da za a ci abinci da shi ranar da mota ba ta zo ba, ya kuma koya wa na baya.

Igiyar nan kuwa ita ce alamar da muke gani da idonmu, mu ba ta wani suna don hankalinmu ya kwanta. Ƙanen shi ne mutumin da ya gaya mana gaskiya a gaban jama'a, muka ce hassada ce.

Akwai kuma abin da ya fi mai. 'Yan'uwa, kwanakinmu ma aunannu ne. Ƙarfin jikinmu haka yake. Tsohuwar da take ƙauye tana jiran mu je, ita ma haka. Damar shiryawa da ɗan'uwan da muka yi wa baƙar magana haka take, kullum raguwa take yi, mu kuwa muna cewa bari Kirsimeti ta zo, bari a haɗu a wurin biki, kamar mutumin da yake jiran damina ta cika masa abin da ruwa ba ya cikawa. Jinƙan Ubangiji rijiya ce mai ido, duk wanda ya ja zai samu. Amma lokacin da aka ba mu mu juyo mu ja, wannan yana da iyaka, ba a kuwa gaya mana ranar kasuwa nawa ta rage mana ba. Ni da nake faɗa ban tsira daga wannan magana ba.

Baba Tadawus ya ɗago kai ya ce, "To, Malama, ƙarasa mana. Kin bar mutum da yunwa a ƙofar gida."

Ranar kasuwa ta uku mutumin ya tashi da sassafe, ya yagi takarda, ya rubuta 'yan layuka kaɗan. Ya ce: "Ƙanena, gaisuwa mai yawa gare ka da iyalinka. Man ya ƙare. Abin da ka faɗa gaskiya ne, na kuma ci mutuncinka a gaban mutane a kansa, ka gafarta mini. Ruwa ya sauka, ba mu da iri, mu da ƙauyen duka. In za ka iya zuwa, ka zo ta ƙofar gaba, zan fito in tarye ka. In zuciyarka ba ta ba ka zuwa ba, ka aiko da irin saboda yara. Ni ne wanka."

Ya karanta wa matarsa. Ta ce, "Liƙe ta kafin ka ƙara wani abu."

Hanya biyu ce take zuwa garin kasuwa. Gajerar ta bakin ramin take bi. Ya tsaya a mararraba, ƙafarsa tana so ta karkata, sai ya ɗauki doguwar, wadda take zagawa ta bayan dutse. Ya isa gidan waya ana shirin ɗaure jakar wasiƙu. Bai san ko ƙanen zai amsa ba, bai san ko yana raye ba ma. Ya manna kan sarki, ya duba sunan da ke bayan ambulan sau ɗaya, ya jefa ta a akwati. Bai bar wurin ba sai da ya ga an kwashe ta an sa a jaka, an ɗora jakar a mota, motar ta kama hanyar kogi.